Kana son kare ya san kai ne ubangidansa? Ga yadda ake yi tun yana ɗan kwikwiyo

Yaran yanzu da dama, 'yan shekara sha uku zuwa sha tara, son kare ya shige su, wani a TikTok ya gani, wani a gidan abokinsa a GRA, wani kuma tun yana ƙarami yake bin 'yan farautar unguwarsu a baya yana kallon yadda karnuka ke tafe kusa da ƙafar masu su ba igiya ba komai. To in kana cikin waɗannan, ka sani tun yanzu cewa kare ba ya duba wanda ya biya kuɗinsa. Wanda ke zuba masa abinci, ya kwashe kashinsa, ya cire masa kaska, ya fita da shi da sassafe, shi ne nasa. In ka bar wa ƙaninka ko maigadi wannan aikin, karen nasu ne, kai dai ka riƙa ɗaukar hoto da shi.

Kafin kare ya shigo, ka fara gamawa da mutanen gida. Kar ka ɗauko shi a kwali ka ɓoye a bayan ɗaki kana jiran Baba ya haƙura, daren farko zai tona maka asiri da kuka, washegari kuma a ce ka mayar da shi inda ka samo. Iyaye suna da dalilansu kuma ba na banza ba ne. Na farko addini, hadisi ya zo a Buhari da Muslim cewa wanda ya riƙe kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ladansa na raguwa kullum, malamai da yawa kuma sun shigar da gadin gida a cikin abin da ya halatta in akwai buƙata. A wajen Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki a ciki bin umarni ne kawai, amma Shafi'iyya da Hambaliyya sun ɗauke shi najasa, shi ya sa zaka ji mutum biyu na musu a majalisa kowa da hujjarsa. Kai dai ka tambayi malamin da gidanku ya yarda da shi. Na biyu kuma, a gari irin Kano iyaye na ganin yaro da kare sai hankalinsu ya tafi kan daba, don sun ga yadda wasu suka fara da farauta suka ƙare da ɗaukar wuƙa. Saboda haka in zaka yi magana, je da tsari: Baba, ga inda zai zauna, ba zai shiga ɗaki ba, ba zai kusanci wurin sallah ko madafi ba, kwanonsa daban, ni zan riƙa sharewa, ga kuma inda kuɗin allura zai fito. Maƙwabta ma a sanar da su, musamman masu ƙananan yara da masu kaji.

Sai maganar wane irin kare. Nan ne yawancin samari ke faɗawa rami saboda son a sani. Kokeshiyan asalinsa karen duwatsun Kokesas ne inda dusar ƙanƙara ke zuba, ka kawo shi Sakkwato ko Maiduguri inda zafi ke wuce digiri 40 a watan Afirilu, wallahi azaba ce kawai, don kare ba ya gumi irin namu, da haki yake fitar da zafi. Bowabul na Afirka ta Kudu kuma yana iya wuce kilo 60, ɗan makarantar da ke jiran kuɗin tara ba zai iya ciyar da shi ba, kuma ranar da ya fizgi igiya sai dai ya ja ka a ƙasa. Ni a ganina karen gida, irin namu da ake rainawa, shi ya fi dacewa da mai farawa, yana jure zafi, ba ya yawan ciwo, cinsa daidai aljihu, ga ɗaukar horo. Ko a Nijar da Mali, dogon karen nan siriri na Buzaye da Turawa ke kira Azawak suna kai shi ƙasashensu da tsada, karen yankinmu ne.

Kar ka raba ɗan kwikwiyo da uwarsa kafin ya cika sati 8. A wajen uwa da 'yan'uwansa yake koyon iya cizo na wasa da na gaske, wanda aka cire da wuri shi ne ke tashi da tsoro da cizon banza. Ka zaɓi mai kuzari, ido garau, ba majina, ba gudawa, cikinsa bai kumbura ba.

Satin farko aikinka kawai ka zauna kusa da shi. Ajiye waya, zauna a ƙasa, bar shi ya zo da kansa ya shinshina hannunka, wani lokaci ka ba shi abinci daga tafin hannu. Tsohuwar rigarka da ba ka sawa ka shimfiɗa masa a inda yake kwana don ya saba da ƙanshinka. Suna kuma gajere, Bingo ne, Duna ne, Taiga ne, wanda dai ya yi maka, amma dan Allah kar ka sa masa sunan mutum, yanzu ka jawo wa gidanku rigima da maƙwabci. Daga nan har ya kai wata 3 ka riƙa nuna masa duniya a hankali, ƙarar babur, janareta, awaki, kaji, yara, mata da hijabi, tsoho da sanda, duk abin da ya saba da shi a wannan lokacin ba zai dame shi ba in ya girma.

Allura kam ba a wasa da ita, ba a fafe gora ranar tafiya. Daga sati 6 zuwa 8 ake fara rigakafin cututtukan karnuka irin su fabo da distamfa (mai sa zazzaɓi da majina) da sauransu, a maimaita bayan sati 3 ko 4 yadda likitan dabbobi ya tsara. Fabo ita ce cutar nan ta amai da gudawar jini mai ɗan karen wari da ke kashe kwikwiyo cikin 'yan kwanaki, shi ya sa ba a yawo da shi inda karnukan titi ke kashi sai ya gama allurarsa. A wata 3 sai ta ciwon haukan kare, ita kuma duk shekara ake sabuntawa, ka karɓi kati ka adana, don ranar da ya ciji ɗan wani katin nan ne zai cece ka. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato tana haɗa wannan allurar, asibitocin dabbobi na jiha suna yi wa karnuka, akwai kuma na koyarwa a ABU Zariya da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da cutar a duniya, a lokacin wasu wurare kan yi allurar kyauta, sai ka kasa kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe mutum wajen 59,000 a shekara, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma da zarar alamu sun bayyana kusan ba a tashi. In kare ya ciji wani, ko naka ne, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 cur sannan a wuce asibiti a ranar, karen kuma a tsare shi ana lura da shi kwana 10.

Abinci ba sai na leda mai tsada ba. Tuwo ko shinkafa da kan kifi, kayan ciki daga mahauta a dafa, ƙwai dafaffe, ɗan dankalin Hausa, sun isa, ƙarami sau 3 zuwa 4 a rana, babba sau 2, ruwa kuma kullum a inuwa. Amma ragowar miya ba nasa ba ne, albasa da tafarnuwa na lalata masa jini, goro da cakulan guba ne a wurinsa, ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya soke hanji, madara kuma gudawa take sa da yawansu. Kar ka ba shi farasitamol ko maganin ciwon jikin da Mama ke sha don ka ga ya yi laushi, kira likita.

Horo minti 5 ne, sau biyu ko uku a rana, kafin ya ci abinci lokacin da yake da kwaɗayi. Ga yadda ake koya masa zama: riƙe ɗan guntun nama ko ƙuli-ƙuli daidai hancinsa, ka ɗaga hannun a hankali zuwa saman kansa ta baya, zai bi da ido, ɗuwawunsa zai sauka ƙasa da kansa, a daidai wannan lokacin ka ce "zauna" ka sa masa a baki, ka shafa wuyansa. In ka yi jinkiri ya riga ya miƙe, to miƙewar ka saka wa. Haka zaka bi da "zo", "tsaya", "bari", kuma da Hausa yana ji sarai, ba dole sai ka yi masa Turanci ba, kalmar dai kar ta riƙa canzawa yau wannan gobe waccan. Doka ɗaya da ba a karyawa, kar ka taɓa kiransa ya zo sannan ka doke shi, ko takalmin makarantarka ya cinye, don abin da zai koya shi ne zuwa wurinka wahala ce. Masu cewa a kulle shi a duhu, a ba shi barkono ko ƙwaya don ya yi zafi, mahaukaci suke haɗawa, kuma ɗan gidan yake fara cizo kafin ɓarawo.

Wajen wata 6 zuwa 8 zaka ga ya canza, ka kira shi ya kalle ka ya ci gaba da abin da yake yi. Balaga ce, irin wadda kai ma kake ba su Mama ciwon kai da ita. Wani bincike da masana a Jami'ar Newcastle ta Ingila suka jagoranta a 2020 ya nuna karnuka 'yan wata 8 sun fi ƙin bin umarnin masu riƙonsu, alhali suna bin na baƙo. A nan ne yara da yawa ke gajiya su ɗaure shi a sarƙa su manta. Kai ka koma horon farko, ka ƙara masa yawo da asuba ko bayan la'asar in ƙasa ta huce, don kwalta da rana tana ƙona tafin ƙafarsa, zai dawo hanya.

Duk yamma ka duba kaska, cikin kunne, tsakanin yatsu, ƙarƙashin wuya da hammata. Kama ta dab da fata ka ja a miƙe ba murɗawa, ka jefa a ɗan gwangwanin kananzir. Fiya-fiya da baƙin mai kar su taɓa jikinsa, zai lasa ya mutu, likita na da maganin wanka da ya dace da na tsutsar ciki. In ƙudaje na cin bakin kunnensa a wanke a shafa magani, ba sai an yanke kunnen ba. Ka gama ka wanke hannu da sabulu, kayan wasa da kare kuma daban da na masallaci.

Kare na iya yin shekara 10 zuwa 13, kai kuma nan da ɗan lokaci zaka tafi makarantar kwana ko jami'a ko ka bi kasuwa, ba zaka tafi da shi hostel ba. Tun yanzu ka zaɓi mutum ɗaya a gida mai sonsa da gaske, ƙaninka ko ƙanwarka, ku riƙa ba shi abinci da fita yawo tare, ya koyi kalmomin da kake amfani da su. Wata guda kafin tafiyarka ka sakar masa ciyarwar gaba ɗaya, ka ba shi katin allura da lambar likita, ka rubuta ranar allura ta gaba a jikin bango kusa da ɗakin karen inda kowa zai gani.