Kurakuran da aka fi yi wajen neman hannun tayar baya ga firam ɗin babur mara nauyi

Duk wanda ya ƙudiri aniyar haɗa firam ɗin babur mara nauyi, ko don ya ɗora masa ƙaramin inji mai sisi (cc, ma'aunin girman inji) 100 zuwa 125, ko don ya mayar da shi na lantarki, yakan tarar cewa inda aikin ya fi cijewa shi ne wajen hannun baya, wato ƙarfen nan mai reshe biyu da ke riƙe da tayar baya, wanda bakinsa na gaba ke maƙale a jikin firam yana hawa yana sauka. A Kaduna samun ƙarfen ba wuya ba ne, domin tsakanin Tsohuwar Panteka, kasuwar maƙera da masu walda, da rumfunan masu sayar da kayan babur akwai na Boxer da na Jincheng da na Haojue da na roba-roba, sabo da wanda aka cire daga tsohon mashin. Wahalar tana wajen samun wanda zai zauna daidai da firam ɗin da babu kamfanin da ya ƙera shi.

Kuskuren da ya haifi yawancin sauran shi ne a gama walda tsaf, har a fesa fenti, sannan a shiga kasuwa neman hannun da zai shiga. Wanda ya yi haka ya ɗaure kansa, domin faɗin gurbin da ya bari da girman ramin da ya huda sun riga sun tsaya, kuma da wuya su yi daidai da abin da zai samu. Daga nan sai a koma ga cusa wasa, wato faifan ƙarfe mai rami, a gefe, ko a fafe bakin hannun da giranda, ko a buɗe firam da guduma. Gyaran shi ne a juya tsarin aikin: a fara sayen hannun, kuma a saye shi tare da danginsa daga babur iri ɗaya, wato wilin baya da aksil ɗinsa (sandar da yake juyawa a kanta), da sifiroket (faifan haƙoran da sarƙa ke hawa), da farantin birki, da dogon bol ɗin da hannun ke juyawa a kansa, sannan a gina bayan firam a kan awonsu. A ganina wannan shawara ita kaɗai tana rage rabin wahalar, domin kamfanin da ya ƙera waɗannan sassa ya riga ya daidaita su da juna.

Idan kuwa firam ya riga ya tsaya, to kada a je kasuwa da awon ido. A tafi da baniya (ma'aunin kauri mai baki biyu) da tef da takarda mai ɗauke da faɗin gurbin, da kaurin bol ɗin juyawa, wanda a ƙananan babura yakan kasance milimita 10 ko 12, a manya kuma ya fi haka, da tsawon da ake buƙata daga tsakiyar bol zuwa tsakiyar aksil, da faɗin da taya za ta ci tsakanin rassan biyu. Girman wili ma yana shiga lissafi, domin hannun da aka yi wa wili mai inci 17 zai iya matse wa mai inci 18 irin na Honda CG125, har taya ta riƙa gugar ƙarfen tsakiya idan aka tura aksil gaba don sabuwar sarƙa.

Abin da aka fi raina shi, alhali shi ne ya fi cin kuɗi daga baya, shi ne layin sarƙa. Dole ne sifiroket na inji da na taya su kasance a kan miƙaƙƙen layi ɗaya, kuma a lokaci guda dole ne tayar baya ta zauna a tsakiyar firam, tana bin sawun ta gaba. Da yawa sukan gyara ɗaya su ɓata ɗaya: sai su matsar da wili gefe don sarƙa ta miƙe, babur ya riƙa tafiya a karkace yana jan hannu, ko su saita wili a tsakiya su bar sarƙa tana cin haƙoran sifiroket ta gefe guda. Hanyar da ta dace ita ce a fara tsayar da wili a tsakiya, a tabbatar da hakan ta hanyar ja zare biyu daga gefen tayar baya zuwa ta gaba, a ga tazarar da ke hagu ta yi daidai da ta dama. Bayan haka sai a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar sifiroket na baya, a matsar da mazaunin inji har na gaba ya hau layin. Inji ne ke bin taya. A kuma lura cewa sarƙa mai lamba 420 da mai lamba 428 tazarar gaɓoɓinsu ɗaya ce, milimita 12.7, amma faɗinsu ya bambanta, don haka kada a haɗa sifiroket na wannan da sarƙar waccan don kawai haƙora sun shiga.

Wurin da aka huda ramin bol ɗin juyawa shi ma ba a zaɓarsa da ka. Ana son ya kusanci sifiroket na inji iyakar yadda akwatin injin ya bari, saboda duk yadda tazararsu ta yi yawa, haka sarƙa za ta riƙa ɗaurewa da sakewa yayin da taya ke hawa da sauka. Sarƙa takan kai matuƙar ɗaurewa ne a lokacin da tsakiyar sifiroket na gaba da bol da aksil suka hau layi ɗaya. Saboda haka a cire shokozoba, a ɗaga hannun zuwa wannan matsayi, a tabbatar akwai ɗan sako-sako a wurin, sannan a mayar da komai a auna sakin da ya rage. A yawancin ƙananan babura sakin yakan kai milimita 20 zuwa 30, amma firam ɗin haɗi nasa awon ake nema, ba na littafin wani babur ba. Wanda ya ɗaure sarƙa tamau alhali mashin na tsaye babu kowa a kai, ramin farko da ya faɗa da damina zai ja boris (zoben ƙwallayen ƙarfe da ke sauƙaƙa juyawa) na giya da na wili, wani lokaci ma sarƙar ta tsinke.

Sai batun rage nauyi, wanda shi ne dalilin aikin tun farko, kuma a nan ne son abu ke rufe ido. Wasu sukan nace sai hannun alminiyam da aka ciro daga babban babur na waje. Gaskiya ne nauyin alminiyam bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfe ba, amma taurinsa wajen ƙin lanƙwasa ma kusan kashi ɗaya cikin uku ne, shi ya sa ake yin hannunsa da kauri da faɗi, kuma wanda aka yi wa babban inji sau da yawa bai fi na ƙaramin babur sauƙi ba. Ga shi kuma ba a yanka shi a ɗinke da walda ta yau da kullum. Yana buƙatar walda mai iskar agon, kuma ko an yi ta da kyau, zafin yana raunana wurin da ke kewaye da ɗinkin. Hannun ƙarfe na babur mai sisi 100 ko 125 ya wadatar, kowane ƙwararren mai walda a Panteka zai iya sauya masa kunnen da ake ɗaure shokozoba, kuma ana samun bush ɗinsa, wato zoben da bol ɗin juyawa ke ratsawa, a ko'ina. Abin da ba zan taɓa goyon baya ba shi ne huda ramuka a jikin rassa don rage 'yan giram, ko ƙera sabon hannu da bututun ruwa ko na kujera. Wannan ƙarfe yana ɗauke da nauyin mutum da jan sarƙa da ƙarfin birki gaba ɗaya, kuma idan ya karye ba ya sallama.

Ƙara wa hannu tsawo ma ana yinsa da gaggawa. Tsawo yana sa babur ya natsu a miƙaƙƙiyar hanya, amma yana sa shi nauyin juyawa a kwana, yana kuma ƙara wa taya rinjaye a kan shokozoba har baya ya yi laushi fiye da kima. Idan ƙarin ya zama dole, a zura ƙarfe a cikin rassan ya ratsa mahaɗar, a yi aikin a kan tebur mai ma'auni da aka ɗaure bol da aksil a kansa, don zafin walda kada ya murɗe su.

Haka nan ba a ɗaukar hannun da aka yi wa shokozoba biyu a liƙa masa kunne a tsakiya don a sa guda ɗaya. Shokozoba guda tana zama kusa da bol, inda ƙarfin da ke sauka a kanta ya ninka na bakin taya, kuma siririn ƙarfen tsakiya ba a yi shi don haka ba. Tsawon shokozoba kuma yana taɓa gaban babur: idan baya ya ɗaga da yawa, cokulan gaba sukan ƙara miƙewa tsaye, kan ya yi rawa a guje. Ma'auni mai sauƙi shi ne idan mahayi ya zauna, baya ya nutse kimanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na iyakar tafiyarsa.

Akwai ƙaramin kunne da mutane ke mantawa har sai sun koma gida, wato mariƙin farantin birki. Shi ke hana farantin juyawa tare da wili idan an taka, don haka a duba yana nan, kuma yana gefen da birkin yake.

Game da hannun da aka ciro daga tsohon mashin, sabon fenti ba shaida ba ne. A zura bol da aksil, a kwantar da shi a kan shimfiɗaɗɗen wuri, a hango su daga baya a ga ko sun yi daidai da juna. Idan ɗaya ya karkata, an taɓa yin hatsari da shi, kuma wanda aka miƙe da wuta ba abin saye ba ne. A kankare fenti a bakin ɗinkuna a nemi tsaga, a ƙwanƙwasa ƙasan rassa inda ruwa ke kwanciya ya ci ƙarfe daga ciki. Bush kuwa a sauya shi da sabo ko da tsohon yana da kyan gani, kuma idan na roba ne, kada a ƙarasa ɗaure bol sai babur ya sauka a kan tayoyinsa da nauyi a kai, don kada robar ta zauna a murɗe. A karɓi rasit daga mai kaya, musamman idan an sayi hannun tare da wili da inji, saboda satar babura ta sa kayan da ba su da takarda suna iya jawo tambayoyi.

Kafin a hau titi, a ɗaga bayan babur, a kama taya a girgiza ta hagu da dama. Duk motsin da aka ji daga wajen bol ko boris sai an kawar da shi. Gwajin farko a yi shi a fili da ƙaramin gudu da hular kwano, sannan a sake bin kowane noti da sifana, a sake auna sakin sarƙa, a kuma duba bakin ɗinkunan da aka yi sabo kafin a ɗauki kowa a baya.