Yadda ake haɗa teburin aiki da sandunan alminiyum masu kwarmi ba tare da walda ba

Sandunan alminiyum ɗin nan masu kwarmi a kowane gefe, waɗanda ake ce wa T-slot, da su ake gina teburan ɗakin gwaje-gwaje da layin haɗa kaya a masana'antu. Kamfanin item na garin Solingen a Jamus, da Bosch Rexroth, da 80/20 na Amurka duk suna yin su, kuma in ka taɓa ganin firintar 3D irin Ender 3 to jikinta ma da danginsu aka yi. Abin da nake so da su shi ne duk abin da ka haɗa yau gobe za ka kwance ka sake masa fasali, alanki kawai kake buƙata.

Kafin ka sayi komai, tsaya kusa da wanda zai yi aiki a teburin ka kalle shi sosai, ina yake miƙa hannu, ina yake sunkuyawa, wane kaya yake yawan ɗauka. Tsarin kaizen na Toyota, wato gyara aiki kaɗan-kaɗan a kai a kai, a nan yake farawa, duk motsin da bai ƙara komai a aikin ba asara ne. Sai ka zana teburin a takarda da awonsa.

Daga nan sai zaɓen kauri. Mai milimita 20 a 20 ya isa riƙe kyamara ko ƙananan na'urori, amma teburin da zai ɗauki nauyi ka nemi 40 a 40 ko 45 a 45. Kuma don Allah ka tsaya a kan kamfani ɗaya, domin na item mai 40 kwarminsa milimita 8 ne, na Bosch mai 45 kuma 10 ne, notin wannan ba zai zauna daidai a wancan ba.

Inda mutane suka fi faɗawa matsala shi ne lanƙwasa. Alminiyum ya fi ƙarfe saurin lanƙwasa kusan sau 3, sannan in ka ninka tsawon sanda tsakanin ƙafafu biyu, nauyin da ke tsakiya zai sa ta lotsa sau 8, ba sau 2 ba, to ka ga a ɗakin gwaji inda madubin likita ko sikeli ba ya son ko ɗan girgiza wannan ba ƙaramin abu ba ne. Maganinsa ka sa mai 40 a 80 ka kafa shi yadda gefen 80 ɗin zai zama a tsaye, ko ka ƙara ƙafa a tsakiya.

Yanka ya zama a miƙe cif, a goge bakin da fayil.

Wajen haɗawa ka zura notocin cikin kwarmi tun kafin ka rufe bakin sandar, ka ƙara biyu ko uku na ajiya saboda kanta ko fitilar da za a so a ɗaura nan gaba. Kada ka ɗaure komai tamau tukuna. Haɗa firam ɗin duka sako-sako, ka auna da tef daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, ka auna ɗaya ɓangaren ma, in awon ya zo ɗaya to ya daidaita, yanzu ne za ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka ɗaure. Sa ƙafafu masu murɗawa don ƙasar da ba ta daidaita ba, ko tayoyi masu birki.

In kayan lantarki za a taɓa a kai, ka sani fatar da aka yi wa sandunan wutar lantarki ba ta ratsa ta, don haka ka nemi notocin da ke cizon fatar, ka ja wayar at, wato wadda ke kai wuta ƙasa, ka gwada da mita tsakanin sanda da sanda.

Bayan mako ɗaya ana aiki ka koma ka tambayi mai teburin abin da ke damunsa, in kantar ta yi masa sama ka sassauta noti ka sauke ta a take.