Kafin ku saki manhajar ofis ga ma'aikata

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga 'yar shawara ga masu haɗa manhajar cikin gida, irin ta neman hutu ko ta karɓar kuɗin tafiya.

Kafin ku sake ta, ku samu ma'aikata biyar, ku ba kowa aiki guda, ku zauna gefe ku yi shiru. Kada ku nuna wa mutum inda zai danna, ko da bakinku na ƙaiƙayi. Duk inda ya tsaya yana lalube, nan gyara yake. Ma'aikaci ba kamar kwastoma ba ne, ba shi da damar komawa wata manhaja, shi ya sa ba ya ƙorafi, sai dai ya koma takarda ko Excel a ɓoye.

Abin da manhajar ta riga ta sani, kamar suna da sashe, ta cike da kanta. Kalmar sirri ɗaya ta buɗe komai. Saƙon kuskure kuwa ya faɗi abin da za a gyara, ba wata lamba ba.

Batun sa manhajar ta riƙa raba wa ma'aikata maki da lambar yabo don ƙarfafa musu gwiwa, ni dai a ganina ku bar shi sai shafi ya daina nauyin buɗewa a waya.