Yadda Ake Dafa Ruwan Wanka da Hita Ba Tare da Wuta Ta Ja Mutum Ba

Da hunturu ya kankama a ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, duk gidan da wayar lantarki ta isa sai ka ga an ɗauko hita, ƙarfen nan na lantarki da ake tsomawa a bokiti ya ɗumama ruwa, domin itace ya yi tsada, gawayi ma ba a magana. Sai dai yawancin masu sayenta ba wanda ya taɓa gaya musu abin da ke cikinta, shi ya sa suke yi mata riƙon sakainar kashi.

Wannan lanƙwasasshen ƙarfe da kake gani bututu ne. A cikinsa akwai siririyar waya ta nikrom, haɗin nikel da kuromiyam, ita ce ke yin zafi idan wuta ta bi ta cikinta. An cike tsakaninta da bututun da wani farin gari, magnesiyam oksaid, wanda ke barin zafi ya wuce amma ya tare lantarki. Muddin bututun lafiyarsa ƙalau, zafi kawai ruwanka yake karɓa. Ranar da ya tsage, garin ya sha ruwa, to wuta ta samu hanyar shiga bokitin. Ita kuwa wadda samari ke haɗawa da reza biyu da guntun waya, ta cikin ruwan kansa lantarkin ke ratsawa. Idan ka gan ta a gidanka, ka tsinke ta ka jefar.

Kafin ka jona, ka duba bututun a haske daga sama har ƙasa. Tsaga, kumbura ko wurin da ya yi baƙi ya ƙone, duk alamar ta gama aiki ce. Ka duba inda waya ta shiga mariƙin, nan ne take yawan ɓarewa. Wayar da aka naɗe da leda ba gyara ba ce. Kuɗin sabuwar hita bai kai kuɗin kwana ɗaya a asibiti ba.

Ni bokitin roba kawai na yarda da shi, mai kauri. Na ƙarfe, idan wuta ta zubo, duk wanda ya goge shi da ƙafa ya shiga uku. Ka gitta busasshen icce a bakin bokitin ka rataya hitar a tsakiya, kada ta taɓa gefe ko gindi, don za ta huda robar. Ruwa ya rufe lanƙwasasshen ƙarfen gaba ɗaya, amma kada ya kai mariƙi. Yawancinsu suna da layi biyu a jiki, ruwan ya tsaya tsakaninsu.

Sai ta shiga ruwa sannan a kunna, sai an kashe an zare filogi sannan ta fito. Ruwa ne ke kwashe zafin da wayar ke fitarwa, kuma ruwa a bokiti ba ya wuce digiri 100, saboda haka yana riƙe bututun a sanyaye. A sarari babu mai kwashe zafin nan, kafin ka ankara ƙarfen ya yi jajir, wayar ciki ta tsinke ko bututun ya tsage, tsagar da ido ba lallai ya gani ba.

Inda na fi ganin mutane suna faɗawa shi ne lokacin da aka ɗauke wuta. Uwargida ta jona hita da asuba, ruwa ya fara ɗumi, sai ɗif. Sai ta ciro hitar ta aje a kan tabarma ko gefen katifa, ta ɗauki bokitinta ta nufi murhu, filogi yana nan a soket, makunni a kunne. Ba wanda ke sanar da kai lokacin da za a dawo da wuta. Wutar tana iya dawowa ana gona, ko an tafi kasuwa an kulle ɗaki, hitar tana kwance kan abin da ke kamawa nan take. Wasu kuma su bar ta a ruwan, su ce ai babu wuta, yaro ya zo ya tsoma hannu. Saboda haka da an ɗauke wuta, hannunka ya fara zuwa soket kafin ya je bokiti. Ka gaya wa matan gida, ka gaya wa yaran da ake aike, ka maimaita har su gaji da ji. Haka nan idan wutar ta zo da rauni, ruwan zai daɗe bai yi zafi ba, a nan ne ake mantawa da shi har ya ƙafe.

Kada ka gwada zafin ruwa da yatsa tana jone, ko da ka saba yi ba abin da ya same ka. Gidaje da yawa a karkara an ja musu waya babu ta ƙasa mai janye wutar da ta zubo, ga daɓe a jiƙe, ga ƙafa ba takalmi. Idan da hali, ka sa mai gyaran wuta ya haɗa maka wayar ƙasa da na'urar da ke katse wuta da kanta in ta zubo.

Batun lokaci, hita mai wat 1500 tana kai lita 20 daga digiri 20 zuwa 40 cikin kamar minti 20, ta ci kusan rabin yunit a mita. Tana jan amfiya 6 da ɗoriya a kan wutarmu ta bolt 230, don haka a soket na bango za ka jona ta, ban da siririn ekstenshan ɗin cajin waya. Ƙaramin janareta da solar kunna fitila ba za su ɗauke ta ba. Ruwan wankan jego kuwa yana da yawa, ana kuma so ya tafasa, bokitin roba ba zai jure ba, a bar shi a tukunya kan murhu.

Bayan ka zare filogi, ka ba ta kamar minti ɗaya a cikin ruwan ta huce, sannan ka ciro ka rataye a ƙusa inda yara ba sa kai wa. Ka motsa ruwan kafin ka gwada, na sama ya fi na ƙasa zafi. Idan ruwan burtsatse ya bar mata farin ɓawo, ka jiƙa ƙarfen a ruwan lemun tsami ka goge da tsumma, kada ka kankare da wuƙa. In kuwa wutar lantarki ta ja wani, kada ka taɓa shi da hannu: kashe makunni, ko ka ture wayar da busasshiyar sanda, a wuce da shi asibiti.