Yadda ake haɗa kiɗan lo-fi mai sanyi a waya ko kwamfuta

Lo-fi kiɗan na'ura ne mai tafiya a hankali: ganga mai laushi, fiyano mai ɗan dushewa, sai ƙas-ƙas irin ta tsohon faifan garmaho. Yawanci babu waƙa a kansa, shi ya sa yake tafiya da karatun dare, ko a harabar Samaru kake ko ta Kongo a jami'ar Zariya. Daga hip-hop ya samo asali, kuma sunaye biyu da ake yawan ambata su ne J Dilla na Detroit a Amurka, wanda ya rasu a 2006, da Nujabes na Japan, wanda ya rasu a 2010. Kafin ka fara, saurari tashar Lofi Girl a YouTube na kamar awa ɗaya, hankalinka yana kan inda ganga take sauka.

Kayan aiki ba su da yawa. A waya manhajar haɗa kiɗa ta BandLab ta wadatar, kuma kyauta ce. A kwamfuta akwai FL Studio. Ka nemi hedifon mai igiya, domin na Bluetooth yana jinkirta sauti, sai ka buga a nan ka ji a can.

Da farko saita sauri. Sa tsakanin bugu 70 zuwa 90 a minti. 80 wuri ne mai kyau ga sabon hannu.

Sai ganga, kuma a nan aikin yake. A cikin manhajar, buɗe allon ganga mai gidaje 16, inda ake jera bugu gida-gida. Sa babban bugu, wato kik, a gida na 1 da na 8 da na 11. Sa siniya, mai kama da tafi, a na 5 da na 13. Haihat kuma, wato siririn bugun faifan ƙarfe mai tsi-tsi, ya shiga na 1, 3, 5, haka har 15. In ka kunna za ka ji komai daidai, amma a sandare, babu rai. Dalili shi ne na'ura ba ta kuskure, shi kuwa wannan kiɗa ɗan jan ƙafa yake so. Don haka ka ɗaga maɓallin lilo, wanda manhaja ke rubuta wa Swing, kaɗan-kaɗan har kiɗan ya fara rangaji. Ka ja siniya baya da ƙiris ta riƙa makara. Sannan ka bambanta ƙarfin haihat, ɗaya da ƙarfi, na biye a hankali. In ka wuce gona da iri, kiɗan zai zama kamar na mai jin barci, sai ka rage.

Na uku fiyano. Zaɓi muryar Rhodes, wato fiyanon lantarki, ko wani fiyano mai taushi, ka jera kod huɗu (kod shi ne maɓallan fiyano da ake dannawa tare), kowanne ya cinye zagaye ɗaya na gidaje 16: Dm7, wato D F A C, sai G7, G B D F, sai Cmaj7, C E G B, sai Am7, A C E G. Kada maɓallan su sauka lokaci guda. Ɗan ware su kamar yatsun mutum ne. Bes kuma, wato sauti mai zurfi, ya bi harafin farko na kowane kod, D, G, C, A, kada ya cika surutu.

Yanzu a tsufar da sautin. Sa matatar sauti, wato Filter, a kan fiyano ka yanke abin da ya haura 5,000 Hz (ma'aunin kaifin sauti ko zurfinsa), ka kuma yanke abin da ke ƙasa da 120 Hz. In ka bar ƙasan, fiyano da bes za su cakuɗe su zama gunji. A kwamfuta, ƙaramar manhajar iZotope Vinyl kyauta ce, tana ba da ƙas-ƙas ɗin faifai da ɗan karkacewar murya. Ka sa shi ƙasa-ƙasa, yadda sai an kasa kunne za a ji shi.

Abin da zai raba kiɗanka da dubban irinsa shi ne sautin gida. Ruwan Agusta a kan rufin kwano, ɗauke shi da waya na minti biyu ka shimfiɗa a ƙarƙashi. Mai gurmi ko mai sarewa, ku yi jinga, ka biya shi, ya buga maka 'yan layuka a kan kod ɗinka. Kalangu ma yana shiga, sai dai muryarsa tana hawa tana sauka, dole ka zaɓi bugun da bai yi karo da fiyano ba. Ka yi ɗauka lokacin da janaretan maƙwabta yake kashe, don gurnaninsa ba ya fita da sauƙi. Yanko daga faifan wani mawaƙi ba da izini ba kuwa, ka bar shi. YouTube na iya gane shi, ya toshe ko ya karkatar da kuɗin ga mai haƙƙi.

Tsari gajere ne: zagaye 4 fiyano kaɗai, 16 da ganga, 8 ka cire kik, 16 a dawo. A sauri 80 hakan ya ɗan haura minti biyu, kuma ya isa.

Kafin fitarwa, duba ma'aunin ƙara, kada ya kai launin ja, in ba haka ba sautin zai fashe. Gwada shi a lasifikar waya: in bes ya ɓace, ƙara masa ɗan kaushi ko ka ɗaga muryarsa hawa ɗaya sama, wato octave ɗaya, domin ƙaramar lasifika ba ta iya fito da sauti mai zurfi. Fitar da fayil ɗin WAV mai cikakken inganci ka adana, MP3 na 320 kbps kuma na rabawa. A WhatsApp ka tura fayil ɗin kansa. In ka kunna shi ka naɗa a saƙon murya, duk laushin zai lalace.