Darasi: Jack Kibbie, Manomin da Ya Shugabanci Majalisar Dattawan Jiha

A Najeriya kowace jiha majalisar dokoki ɗaya gare ta, amma a Amurka dukkan jihohi, in ban da Nebraska, suna da majalisa biyu, ta wakilai da ta dattawa. Jihar Iowa, wadda ta fi kowace jiha a ƙasar noman masara, tana da wakilai 100 da 'yan majalisar dattawa 50. Zamansu yakan fara a watan Janairu ya ƙare wajen Afrilu, daidai lokacin da ƙasa ta saki bayan sanyin hunturu ana shirin shuka, saboda haka manomi yana iya riƙe kujerar majalisa ba tare da gonarsa ta kwana ba.

An haifi Jack Kibbie a 1929 a yankin Palo Alto na jihar Iowa, inda garin Emmetsburg yake, kuma noma da kiwo ne sana'arsa. Ya yi aikin soja a yaƙin Koriya, inda ya jagoranci tankar yaƙi, sannan ya dawo gona. Ya shiga majalisar wakilan jihar a 1961 a ƙarƙashin jam'iyyar Democrat, ya koma ta dattawa a 1965.

A wannan shekarar ce ya yi aikin da ya fi dacewa mai karatun wannan littafi ya lura da shi. Yana cikin waɗanda suka ja ragamar dokar da ta kafa kwalejojin al'umma a faɗin jihar, har ake kiransa uban waɗannan kwalejoji. Manufar dokar ita ce ɗan ƙauye, ko magidancin da karatu ya wuce shi tun yana yaro, ya sami makaranta kusa da gida, ya koyi walda ko gyaran injin noma ko aikin jinya, ko ya kammala karatun sakandare da yamma bayan ya tashi daga aiki. Yau kwalejojin 15 ne, kuma ɗaya daga cikinsu tana da reshe a Emmetsburg.

Ya bar majalisa a 1969, sai bayan shekara 20 ya koma, a 1989. Zaɓen 2004 ya raba majalisar dattawan gida biyu, kowace jam'iyya da kujera 25, babu mai rinjaye, don haka aka raba shugabancin tsakaninsa da Jeff Lamberti na jam'iyyar Republican. Irin wannan zama sai mai haƙuri. Daga 2007 ya riƙe kujerar shi kaɗai har ya sauka a farkon 2013.

Aiki: A lissafa shekarun Kibbie lokacin da ya fara shiga majalisa da lokacin da ya sauka. Bayan haka kowane ɗalibi ya rubuta wa ɗan majalisar jiha na mazaɓarsa wasiƙa ta layi biyar, ya ambaci sana'ar da yake so a riƙa koyarwa a ajin manya na garinsu, ya sa kwanan wata da sa hannu.