Sabulun injin wanke kwanuka mai sauƙi ga muhalli: kurakuran da na gaji da gani

Kusan duk 'yar'uwar da ta sayi injin wanke kwanuka a nan Ingila, sai wata rana ta kira ni da kuka iri ɗaya: "Yaya, na sayi sabulun da aka ce ba ya cutar da muhalli, ga shi kofunana sun fito kamar an barbaɗa musu garin rogo." Kafin in buɗe baki ta riga ta yanke hukunci, wai duk sabulun nan yaudara ce. Nakan ce mata ta dakata, ta gaya mini garin da take zaune tukuna. Yawanci amsar tana nan.

Kuskuren da ya fi ci mini kuɗi shi ne sayen sabulu ban san ruwan gidana ba. Na yi shekaru a Bamingam ina amfani da wani garin sabulu mai sauƙin sinadarai, kwanukana suna fitowa tas. Na ɗauka kyawun sabulun ne kawai. Ashe ruwan ne yake taimakonsa. Ruwan Bamingam daga kwarin Elan na ƙasar Wales ake jawo shi tun 1904, ta bututun da ya haura kilomita 100, kuma ruwa ne mai laushi, babu alli a cikinsa sosai. Da muka koma Luton, inda ruwa ke fitowa daga ƙarƙashin duwatsun alli, na ci gaba da sabuluna yadda na saba. Ba a yi wata biyu ba kofunan gilashi suka dushe, cokula suka yi dabbare-dabbare. Sai na ƙara sabulu. Abin ya ƙi. Na dinga maimaita wanki sau biyu, ruwa ninki biyu, wuta ninki biyu, ina ganin wai muhalli nake karewa. Daga ƙarshe injin ya daina ɗumama ruwa yadda ya kamata. Mai gyara ya zo, ya kwance wani murfi a ƙasan injin wanda ban taɓa taɓawa ba, ya nuna mini ma'ajiyar gishiri babu ko ƙwaya. Na biya kuɗin gyara, raina a ɓace, saboda buhun gishirin da bai kai kuɗin burodi biyu ba.

Ga abin da ke faruwa. Ruwa mai alli yana ɗauke da kalsiyam da magniziyam. Su ne suke yin farin ɓawon nan a cikin butar dafa shayi, su ne kuma suke kama sabulu su hana shi aiki. A da, sinadarin fosfet da ke cikin sabulun inji shi yake ɗaure su. Da aka cire shi, aka maye gurbinsa da gishirin tsamin lemo da wasu sinadarai irin su MGDA da GLDA, waɗanda suke ruɓewa cikin sauƙi. Suna aiki, amma idan allin ya yi yawa ba su iya ɗaukar nauyin su kaɗai. Dole na'urar tausasa ruwa da ke cikin injin ta taimaka, ita kuwa ba ta aiki sai da gishiri. Saboda haka ki leƙa cikin butar shayinki. In kin ga farin ɓawo, ki cika ma'ajiyar gishiri, ki saita injin daidai da ƙarfin allin ruwanku. Littafin injin ya nuna yadda ake yi. Ko da kwalin sabulun ya ce ya haɗa komai har da aikin gishiri, ni ba na yarda da wannan a Luton. Kuma gishirin inji daban yake: tsakuwa-tsakuwa ne, ba a sa masa aidin ko abin hana dunƙulewa ba. Kada ki zuba na miya. Ki zuba shi dab da za ki kunna wanki, don ruwan gishirin da ya fantsama kada ya kwana a kan ƙarfe ya kawo tsatsa. Injina da yawa na Amurka ba su da wannan ma'ajiya, masu su sai su dage da ruwan ɗauraya, wato ruwan musamman da ake saya a ɗura a gurbinsa a ƙofar inji don kada kwanuka su bushe da tabo.

Akwai gwaji ɗaya da nake koya wa kowa. Ki goge kofin da ya dushe da ɗan ruwan khal. In ya washe, alli ne, gishiri za ki ƙara. In bai washe ba, gilashin ne ya cinye, kuma wannan ba ya gyaruwa. Yawan sabulu a ruwa mai laushi shi ke jawo haka. Ke nan mutanen Bamingam rage sabulu ya kamace su, ba ƙari ba. Dalilin da ya sa na fi son gari a kan dunƙulen nan da ake jefawa guda-guda ke nan: gari ina iya auna rabin cokali in kwanukan ba su yi maiƙo ba. Na biyu kuma, ledar da ke naɗe da dunƙule da yawa wani nau'in roba ne mai narkewa a ruwa, kuma narkewa daban, ruɓewa daban. Gari a kwalin takarda ya raba ni da wannan tunanin.

Sai kuskure na biyu, wanda har yau in na tuna sai raina ya sosu. Ranar wata Babbar Sallah, baƙi sun watse, kwanuka sun yi tsibi, sabulun inji ya ƙare. Na ɗauko sabulun ruwa na wanke-wanken hannu, wanda aka rubuta cewa daga tsirrai aka yi shi, na matsa kaɗan a cikin injin. Kafin in idar da sallar Isha'i kumfa ta turo ta ƙasan ƙofa, ta malale kicin. Ruwan ya shiga ƙarƙashin katakon daɓe, ya kumbura, sai da aka sake wani sashe. Sabulun hannu don ya yi kumfa aka yi shi. Na inji kuwa da gangan aka hana shi kumfa, domin famfon injin ruwa yake fesawa da ƙarfi, kumfa tana kashe wannan ƙarfin. In hakan ta same ki, kashe injin, kwashe kumfar da kwano, zuba cokali ɗaya na man girki a ciki don ya kwantar da sauran, sannan ki sa ɗauraya da ruwan sanyi har sai ta ƙare.

A nan ne zan yi faɗa. Don Allah a daina haɗa sabulun inji a gida daga abin da aka gani a waya! Wata ta ce mini ta cuɗa bekin soda da ruwan khal. Haba 'yar'uwa! Ɗaya tsami ne, ɗaya kishiyarsa ne. Kumfar da kika gani suna yi kashe juna suke yi, abin da ya rage ruwa ne da ɗan gishiri. Wata ta goga sabulun salo ta zuba. Sabulun salo yana da ranarsa, ni ma ina wanka da shi, amma duk sabulun da aka yi da mai in ya haɗu da ruwa mai alli dauɗa yake zama, mai manne wa bututu. Wata kuma kullum khal take ɗurawa a gurbin ruwan ɗauraya, har robar da ke toshe gurbin ta fara lalacewa. Garin gyaran gira kada a rasa ido. Injin da ya mutu shekara biyar kafin lokacinsa ya tafi juji, wannan ma babbar ɓarna ce ga muhalli.

Game da rubutun kwali, ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Koren launi da hoton ganye ba shaida ba ne, kowa yana iya bugawa. Rubutun "babu fosfet" ma a Turai ba abin tinƙaho ba ne, domin tun ranar 1 ga Janairun 2017 dokar Tarayyar Turai ta taƙaita fosfaros, wato sinadarin da ke cikin fosfet, a sabulun inji na gida zuwa ƙasa da giram 0.3 a kowane wanki. A Amurka ma jihohi fiye da goma suka hana shi a 2010. Dalili kuwa sananne ne: fosfet taki ne, in ya shiga tafki sai gansakuka ta mamaye ruwan, in ta ruɓe ta shanye iskar da kifi ke shaƙa. Haka ta faru da tafkin Erie a shekarun 1960. Abin da nake dubawa shi ne tambarin da wata hukuma daban ta bayar bayan gwaji: furen EU Ecolabel na Tarayyar Turai, ko Nordic Swan na ƙasashen arewacin Turai, ko Blauer Engel na Jamus wanda ya faro tun 1978, ko Safer Choice na hukumar kare muhalli ta Amurka. Furen Turai ba ya samuwa sai sabulun ya nuna yana iya wankin, ba sauƙin sinadari kaɗai ba. Masu inji a Abuja ko Kano ko Yamai, wannan ya fi shafarku: ruwan wankinku yawanci sokawe ko kwata yake tafiya kai tsaye, ba wata matatar ruwa a tsakani. Ku juya kwalin ku karanta, in kun ga fosfet a jerin sinadarai ku ajiye. Ruwan burtsatse kuma a yi masa gwajin butar shayi.

Sannan a nemi sabulu mai enzayim iri biyu, wato sinadaran da ke narkar da ragowar abinci. Firotiyes yana narkar da ƙwai da nama, amiles yana narkar da sitaci, wato shinkafa da tuwo da taliya. Gidan da ake tuƙa tuwo in babu amiles an yi asarar kuɗi. Sabulun inji na ruwa-ruwa yawanci ba ya iya riƙe enzayim da bilic mai cire tabo tare, shi ya sa shayi ke barin zobe a kofi; gari yana riƙe duka biyun.

Ɗauraye kwanuka a famfo kafin a jera su ɗabi'a ce da muka taso da ita, kuma ta fi wuyar bari. Injin zamani kusan lita 10 yake sha a wanki guda, famfo a buɗe kuwa cikin minti biyu ya zubar da hakan. Kankare saura da cokali ki zuba a shara, shi ke nan. Tukunyar da ta yi ƙanzo ce kaɗai nake jiƙawa, ita ma da ruwan da na wanke shinkafa.

Kada tsawon lokacin shirin "eco", wato wankin tsimin ruwa da wuta da ake zaɓa a injin, ya tsorata ki. Yana kai awa uku ko fiye, amma zafin ruwan wajen digiri 50 ne kawai, kuma ɗumama ruwa ne ke cin mafi yawan wuta. Jinkirin ne yake bai wa enzayim damar aiki. Ni dai sau ɗaya a wata nakan sa mafi zafi, don man ja da kitsen rago kada su taru a bututu.

Tukunyar dalma irin ta gida ba ta shiga inji, sabulun zai mayar da ita baƙa. Muciya, akushi, ludayin duma da ƙwarya su ma da hannu, in ba haka ba su tsage. Kada a kunna inji rabi babu kaya. Kada a sayi sabulun shekara guda don araha a ajiye ƙarƙashin wurin wanke-wanke, danshi yana dunƙule shi ya rage masa ƙarfi. Ni a cikin gwangwani mai murfi nake juye nawa. Mai ƙamshin lemo ko fure ba ya ƙara tsabta, kuma kwanon roba yana riƙe ƙamshin har cikin abinci. Ruwan da ya fito daga inji yana da gishiri da kaifin sabulu, kada a ba shuka.

Kalmar "na tsirrai" kuma kada ta sa ki saki jiki da yara. Sabulun inji ko wane iri ne yana ƙona baki da ido, dunƙulen nan masu launi kuwa yaro alewa yake ganinsu. A sama nake ajiye nawa, a kabad mai makulli, kuma ba na zuba shi a ƙofar injin sai zan rufe.

Kafin ki zargi sabon sabulu, ki ciro rariyar da ke ƙasan injin. Murɗa ta ake yi ta fito. Duk ranar Asabar nake wanke tawa da tsohon buroshin haƙori, in bi ƙofofin hannun da ke fesa ruwa da tsinken sakace, domin 'ya'yan tattasai da na kuɓewa can suke maƙalewa.